Azurfar Mai Gyaran Agogo

Kwana biyu ta yi tana goge tsabar kuɗin da toka da lemun tsami, ɗaya bayan ɗaya, har fatar yatsunta ta saɓule. Yanzu ga su a kan teburin mai sayen tsofaffin kuɗi, sai ƙyalli suke kamar a sa a baki.

Na mijinta ne, mai gyaran agogo. Shekara talatin yana tara tsabar azurfa ta zamanin da, a wani akwatin katako. Shi kuwa yana kwance a asibiti, ɓarin jiki ya shanye, baki ya ƙi magana. Likita ya ce a yi aiki kafin Alhamis, in ba haka ba sai dai haƙuri. Ran da ta gaya masa za ta sayar da akwatin, ya yi ta kaɗa hannunsa mai lafiya, hawaye na bin kunnensa. Ta ce a ranta, ka ji mutum, rai a hannun Allah amma yana ta ƙarfe.

Mai shagon ya ɗaga guda ɗaya, ya girgiza kai. "Mama, wa ya ce ki wanke? Mu nan baƙin muke saya. Shi ne shekarun."

Ta laluba kujera ta zauna a hankali, don tun aikin da aka yi mata a ƙugu, wanda mijin ya ce mata ƙungiyar masu gyaran agogo ce ta ɗauki nauyinsa, ba ta iya doguwar tsayuwa.

Mai shagon ya buɗe durowa ya fito da wani faranti cike da tsofaffin kuɗi. Waɗannan baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya. Ya jera su kusa da nata. Hoto iri ɗaya, shekara iri ɗaya. Ya ɗora nasa a kan yatsa ya ƙwanƙwasa, ƙarar ta yi ta tafiya kamar ba za ta tsaya ba. Ya ƙwanƙwasa nata. Ƙwas. Shi ke nan.

Ya sa nata a sikeli, ya sake sawa, ya ɗauko wani. Sannan ya cire tabarau.

"Ba ma wankin ba ne, Mama. Wannan ba azurfa ba ce. Dalma ce aka shafe."

Ba ta yi kuka ba, ƙarfin yin sa ma babu. Ashe shekara talatin ana cutar bawan Allah, yana hana kansa takalmi yana sayen dalma. Ta tuna rabonsa da buɗe akwatin an daɗe. Ko ya gane ne, kunya ta hana shi faɗa?

"Ko kaɗan ba za ka ba ni ba, ɗana? Ko na allura?"

Ya sunkuyar da kai yana mayar da nasa cikin durowa.

"Wallahi da irin waɗannan kika kawo, da yau an yi aikin. Ba a samun kamarsu. Wani dattijo mai gyaran agogo ne ya sayar mini, shekara uku ke nan, zai biya wa matarsa aikin ƙugu. Har ya roƙe ni in nuna masa inda ake buga na bogi, kada ta ga akwatin wayam ta gane."