Hoton da Aka Kawo Lakwaya

Tasi'u ya ture ƙwaryar goron da ƙafa. "A mayar musu. Najmuddeen jikan Dalhatu ne, ba zai auri 'yata ba."

Sa'adiya tana bayan ƙofa tana kuka ƙasa-ƙasa. Inna Gwamma, uwar Tasi'u, tana gefe tana ɓarar gyaɗa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Kowa a Lakwaya ya san tushen wannan gaba. Zamanin Sawaba, lokacin da ake farautar masu ja da hukuma, 'yan doka suka zo daga Gwarzo da wani ɗan hoto da bai fi tafin hannu ba. A wurin taro aka ɗauke shi a Kano, mutum uku a ciki, na tsakiya yana jawabi. Suna neman sunansa.

Aka bi zaure-zaure ana nunawa. Manya suka duba, suka girgiza kai, kowa ya ce bai san shi ba. Amma kafin la'asar an sa wa Balarabe maɗinki igiya, shi ne mahaifin Gwamma. Wata tara ya yi a tsare. Ya dawo da tari, bai ga damina ba.

An ga maƙwabcinsa Dalhatu tsaye da 'yan dokan a bakin rijiya. Shi ke nan, magana ta ƙare. Aka daina amsa sallamarsa, aka daina cin tuwon gidansa. Ya kwashi iyalinsa ya koma Kara, can ya rasu. Bai taɓa buɗe baki ya kare kansa ba.

Gwamma ba ta raga wa kowa, har liman tana gyara wa zama. Sunan Dalhatu ne kaɗai bai taɓa fitowa daga bakinta ba, mutane suka ce tsananin ƙiyayya ce. Ko katin zaɓe ba ta da shi, don ba ta tsayawa gaban mai hoto.

"Inna, ki sa baki mana," in ji Sa'adiya. "Shi Najmuddeen me ya yi?"

"Ke, rufe mana baki!" Tasi'u ya daka mata tsawa. "Jinin munafuki ne."

Gwamma ta ajiye farantin gyaɗar.

"Tsince goron nan, Tasi'u. Ɗaya bayan ɗaya."

"Haba Inna, mutumin da ya nuna mahaifinki?"

"Kana wurin?"

Tasi'u ya girgiza kai.

"To ni ina wurin." Ba shi take kallo ba, ƙasa take kallo. "Dalhatu ruwa ya zo ja. Shekarata bakwai, na je da ɗan tuluna, na leƙa hannun ɗan doka. Ban taɓa ganin mutum a jikin takarda ba. Dalhatu ya yi wuf ya toshe mini baki, amma ina! Na riga na yi tsalle don murna na ce, 'La, ga Baba!'"