Malamar da Ta Ƙi Rataya Usur

Akwai wata malama a makarantar 'yan mata ta wani gari, ita ce alƙaliyar wasa idan ɗalibai suna ƙwallo. Mace ce mai dogon hijabi, ba ta da yawan magana, in ka gan ta a hanya sai ka rantse ko kaza ba za ta iya tsawata wa ba. Alƙalan wasa na yankin kuwa duk a wuya suke rataya usur, da igiya mai launi. Shugaban kwamitinsu ne ke rabawa, kuma yana ji da igiyar nan kamar shi ya ƙago ƙwallo. Malama ta karɓa ta rataya kamar kowa. To amma in ta sa ta ƙarƙashin hijabi, sai ta yi lalube kafin ta hura. In ta sa ta a sama, da ta fara gudu sai usur ya yi ta lilo, ya zaga bayan kafaɗa, ya ɓace cikin yadi. Ran nan mai tsaron gida ta faɗi a kan ƙwallo, ƙafafu suka rufe ta, malama na ta lalube, kafin usur ya kai baki an fasa wa yarinya leɓe. Ta kai kuka wurin shugaba, ya ce ai laifin hijabi ne, ba na igiya ba. Ko ta ajiye shi ta ɗaura ɗankwali, ko ta bar wa maza filin. Washegari ta shiga kasuwa wurin baduku, ya ɗinka mata ɗan maɗaurin fata daidai yatsunta biyu, aka kafa usur a kai, ya zauna a bayan hannunta kamar zobe.

Ranar wasan ƙarshe na gasar makarantu aka cika fili, iyaye da manyan baƙi na ƙarƙashin rumfa. Shugaba ya zo cikin babbar riga ta shadda, sai ɗaukar ido take. Yana hango hannun malama ya taso har tsakiyar fili da igiya mai usur a hannu, ya ce ko ta rataya yanzu, ko ta fita, ga wani malami can ya riga ya ɗaure takalmi. Ta san sarai in ta fita yau, ta fita ke nan. Ta sunkuyar da kai kamar yadda ta saba, amma ƙafarta ba ta motsa ba.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, hijabina ba zan cire ba, filin nan kuma ba zan bari ba. Kai ka taɓa gudu da igiyar nan cikin yadi mai yawa?"

Ya yi dariya, ya ce wannan ai ba wani abu ba ne, ta tsaya ta gani. Ya rataya igiyar a kan shaddarsa, ya naɗe hannun riga a kafaɗa, ya ɗan sheƙa a guje gaban jama'a. Bai yi nisa ba hannun rigar ya warware, usur ya yi tsalle ya zaga ƙeya, ya shige cikin ninki. Ya tsaya yana lalube ta nan, yana lalube ta can, hula ta karkace, gumi ya keto. 'Yan mata suka toshe baki da tafin hannu, daga rumfa wata tsohuwa ta ce a taimaka wa Alhaji, abu ya ɓace masa a jikinsa. Malama ba ta yi dariya ba, ba ta kuma jira izini ba. Ta dubi masu tsaron gida biyu, ta ɗaga hannu zuwa baki, ta hura. Ƙwallo ta tashi, yara suka ratsa ta hagunsa da damansa, sai ga shugaba ya tattare shadda yana neman hanyar fita daga fili, har a lokacin usur na maƙale a bayansa.

Dama Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.