Hannun Mai Kaji

Mai Kaji ne ya fara isa makarantar da aka tsugunar da mutanen da kogi ya kora, motarsa cike da katifu da kiret-kiret na ƙwai. Tun daga ranar bai huta ba. Shi ne jidar marasa lafiya zuwa asibiti, shi ne tono tukwane daga cikin laka. Kowa sai sa masa albarka, shi kuwa sai ya sunkuyar da kai kamar wanda ake zagi.

A ajin da ke ƙarshen baranda aka sauke ƙanwarsa, tela, ita da 'ya'yanta. Mijinta ya fitar da su lafiya, ya koma ɗauko mata keken ɗinki, bango ya rufta masa. Mai Kaji ne ya ciro gawar, kuma tun daga lokacin ya daina cin abincin kirki.

Da yamma maza kan zauna a gindin bishiyar makarantar, kowa da nasa bayanin. Wani ya ce ruwan saman bana ko kakanni ba su ga irinsa ba. Wani ya ɗora wa masu haƙar yashi da suka rarake gaɓa, wani ya ce sharar da ake zubawa ce ta cike cikin kogin. Wani direban tifa ya ce ai kogi ba ya manta hanyarsa, mutane ne suka gina masa ɗakuna a tsakar gida, sai ya zo karɓar haya. Aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Wani tsohon magini ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce jingar ƙasar da ta tare unguwa ta ga ambaliyar da ta fi wannan, ba ta ko tsage ba. Abin da ya ɗaure masa kai, can sama ta ɓalle, kusa da gonaki, inda ta fi kauri. Aka ce masa in ajali ya zo, ko dutse narkewa yake. Mai Kaji ya miƙe ya ce zai je ya ba kaji ruwa. Akurkinsa na can sama a bakin kogi, kuma ko tsako bai rasa ba. Mutane suka ce sakayyar mai alheri ke nan.

Ya biya ya yi wa ƙanwarsa sallama. Da ya miƙa mata ledar magani, sai ta ga tafin hannunsa duk ya sale, ƙurajen sun fashe sun fara ruwa. Ta zaunar da shi a kan bencin ɗalibai, ta ɗauko man shafawa.

"Yaya, za ka kashe kanka saboda mu," in ji ta. "Marayun nan kai ne ubansu yanzu."

Tana shafa man a hankali tana yi masa addu'a, shi kuwa yana kallon hannuwan nan nasa da suka riƙe shebur a ranar da ruwa ya kawo ƙofar akurkinsa, suka sara jingar, 'yar kafa kaɗan kawai, don ruwan ya samu wata hanyar.