Kwana Shida Ba Magana

Saura minti goma malam ya shigo, takardarsu kuwa wayam. An ce su kawo shawarar manhajar da za ta kula da lafiyar masu aiki daga gida, amma sun rasa tudun dafawa.

"Ke, ba daga ɗaki yayanki yake aiki ba?" in ji ɗayarsu ga ƙawarta. "Kira shi mana!"

Nan take ta kira shi. "Yaya, da sauri, me ka fi buƙata?"

Sai tari, sai wata murya a dishe kamar ba tasa ba.

"Yi haƙuri, auta. Kwana shida ke nan ban yi magana da kowa ba."

Ta suri jakarta. "Kada ka kashe wayar, Yaya. Ga ni nan zuwa."