Janaretan Malam Abdulbaƙi

Saura sati biyu azumi, a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Jigawa, wani ɗan acaba ya tsaya a ƙofar shagon Nata'ala mai sayar da janareta a Dutse. Ya sauke wani dattijo mai farar jamfa da baƙin tabarau, ya riƙo hannunsa suna hira har bakin benci, sannan ya koma gindin darbejiya yana jira.

Dattijon ya ce sunansa Malam Abdulbaƙi, tela ne daga Kiyawa, kuma injin wuta yake so.

"Baba, ba a sayen janareta da ka," in ji Nata'ala. "Faɗa min abin da zai ɗauka, in faɗa maka girmansa. Ƙarami ya yi maka kaɗan, ya ƙone. Babba ya yi yawa, ya sha mai a banza. Akwai firji? Shi ne mai jan wuta idan zai tashi."

Babu firji. Babu dutsen guga. Keken ɗinki fa? Malam ya ce ya sayar da shi, shekara biyu ke nan rabonsa da zare da allura.

Ya lissafo abin da yake da shi a kan yatsunsa: ƙwan lantarki uku, ɗaya a zaure, biyu a ƙofar gida. Fanka ɗaya ta tsaye. Talabijin mai kala, wadda ya saya jiya, tana nan cikin kwalinta.

"Ɗakin kwananka fa?"

"Bar shi. Ba ya bukata."

Nata'ala bai ja maganar ba. Ya jawo inji uku ya jera a gabansa. Malam ya durƙusa, ya shafa tankin kowanne, ya laluba igiyar tayarwa, ya jijjiga ƙafafun. Sai ya ce a tayar masa da su ɗaya bayan ɗaya. Ya karkata kai yana saurare kamar mai sauraron karatun ɗalibi.

Ƙaramin ya yi ƙara kamar injin markaɗe. Malam ya girgiza kai. Ya ce wannan zai hana mutane jin maganar juna. Babban kuwa Nata'ala da kansa ya hana shi, ya ce na mai gidan biredi ne. Suka tsaya a kan na tsakiya, mai taushin murya, wanda zai ɗauki kayan duka har ya bar sarari, hoton talabijin ba zai tsuke ba idan fanka ta tashi.

Ana ɗaure injin a bayan babur ne Malam ya yi maganar da ba a tambaye shi ba. Shekara talatin, in ji shi, ƙofar gidansa ce majalisar unguwa. Yana taka keke, abokai na zaune a benci, ana musun farashin gero da labarin sabuwar jiha har a kira magariba. Da ya ajiye ɗinki sai suka fara raguwa. Maimuna, matarsa, ta rasu da damina. 'Yarsa ɗaya tana aure a Jahun, sai wata-wata take leƙowa. Sannan Alhaji Arzika na ƙarshen layi ya sayi janareta ya fito da talabijin waje, majalisar ta tashi gaba ɗaya ta koma can.

"Ina jiyo dariyarsu daga zaurena," ya ce. "Ba na jin haushinsu. Mutum inda haske yake nan yake zuwa. Na ce bari in sa nawa kafin a fara tafsiri."

Nata'ala ya ƙarasa ɗaure injin. Ba ya bin kaya gida, amma ya ce da kansa zai zo ya haɗa.

Ya isa Kiyawa bayan la'asar. Ƙofar gidan a share take tas, an yayyafa ruwa. An shimfiɗa tabarmi uku sababbi, ga dogon benci, ga randa da moɗa biyu. Malam na ta kai da kawo tsakanin zaure da waje ba ya ko tuntuɓe, yana gyara bakin tabarmar da ta riga ta miƙe. A cikin gidan babu motsin kowa, ko kaza.

Nata'ala ya ja waya, ya kafa ƙwai, ya ɗora talabijin a kan tebur ta fuskanci benci. Ya kai injin bayan katanga, ya zuba mai, ya ja igiya. A ja na biyu ya kama.

Fanka ta juya. Talabijin ta kawo mai karanta labarai cikin koriyar hula. Ƙwan zaure ya haska har ana ganin tsagar bango. Can ƙarshen layi, mutum biyu daga majalisar Alhaji Arzika suka juyo suna kallo, ɗaya ma ya miƙe tsaye.

Malam Abdulbaƙi na tsaye a tsakiyar zauren, daidai ƙarƙashin ƙwan. Ya cire tabaransa a hankali, ya ɗaga fuska sama, idanunsa farare fat a buɗe cikin hasken, ba sa ko ƙiftawa.

"Nata'ala," ya ce, "na ji injin ya tashi. Faɗa min gaskiya, ɗana, hasken ya kawo?"