Jarrabawar Baka Gobe

A bakin kanal ɗin ban-ruwa na Kura Ummukulsum take karanta Faransanci da ƙarfi, saurayinta Musaddiƙ yana tsugune yana saurare. A Damagaram ya yi makaranta, shi ke gyara mata lafazi. Gobe za ta yi jarrabawar baka, in ta ci, kwalejinsu za ta tura ta Kudu ƙarin karatu na shekara guda.

"Dakata," ya ce. "Babana ya yi magana jiya. Ya ce in kin tafi, a janye maganar aurenmu."

Ta dube shi. Idonsa na kan ruwa.

"Kai me ka ce?"

"Ban ce komai ba."

Ta jira ta ji wani abu a ƙirjinta, ba ta ji ba. Can cikin shinkafa wani yana korar tsuntsaye da gwangwani.

"To in faɗi da gangan?"

Ya jawo littafinta gabansa. Sannan ya ɗora yatsa a layin da ta tsaya.

"Nan kina kaɗa harshe irin na Kanawa. Daga maƙogwaro ake fitar da shi. Sake."

Ta sake. Wannan karon ya fita daidai.