Ginshiƙi na Bakwai

Ginshiƙi na bakwai kore ne shar a fuskar kwamfuta, kamar sauran. Injiniya ta jawo takardar da za ta sa wa hannu. Gobe masu haya za su tare, har da mahaifiyarta, wadda ta samar wa ɗaki a hawa na farko saboda ciwon gwiwa, daidai saman wannan ginshiƙin.

Ginin biyu ne. Akwai na siminti da rodi, akwai ɗan tagwayensa a cikin kwamfuta, wanda leburori suka raɗa wa Husaini. Kowane ginshiƙi da 'yar na'urar da ke ƙwanƙwasa shi ta aika ƙarar, Husaini ya saurara ya faɗi ko kankaren a cike yake ko da rami a ciki. Ba da ka yake yi ba. Da sauti dubu goma sha ɗaya aka koyar da shi, kowanne da hukuncin wani magini mai laƙabin Kunne, wanda aka ce bugu ɗaya ya ishe shi. Da Husaini ya ƙoshi da karatu, kamfanin ya sallami malamin nasa da agogon bango. Tun kafin a ɗauki Injiniya aiki aka yi wannan.

Maigadi ya leƙo ya ce wani tsoho ya sake dawowa, kwana uku ke nan yana korarsa. Ta sauka a fusace. Ta same shi a wurin ajiye motoci da 'yar guduma mai sulɓin ƙota, ya kara kai a jikin na bakwai.

"'Yata, wannan babu komai a cikinsa. Saurara."

Ya buga. Ƙarar ta fito kamar an taɓa randar da ba ruwa.

"Baba, na'urar da ta duba shi a hannun gwanin gwanaye ta yi karatu," ta ce, tana nuna masa koren a wayarta.

Ya daɗe yana kallon wayar. Ya buɗe baki ke nan motar ɗan kwangila ta shigo. Ɗan kwangilar ya fito yana kaɗa makullai a yatsa, yadda ya saba, ya tsaya a bayan tsohon.

"Me ake ciki? Yaya ginshiƙin?"

Tsohon ya rusuna, guduma ta koma aljihu.

"Lafiya lau yake, ranka ya daɗe."

Haushi ya kama ta. Ta sauko bene uku saboda mutumin da maganarsa ba ta minti ɗaya a tsaye. Ta sa maigadi ya fitar da shi, ta sa wa takardar hannu a kan murfin mota, ɗan kwangila ya naɗe takardar ya yi gaba.

Da la'asar mahaifiyarta ta kira, tana murna ta gama ɗaure kaya. Injiniya ta ajiye wayar, amma ƙarar randar nan ta ƙi barin kunnenta. Don ta kwantar da hankalinta, ta ce Husaini ya fito mata da sautukan da ya koya masu kama da na bakwai. Ya jero ɗari huɗu da 'yan kai, duka da hukuncin kore.

Ta kunna na farko. Guduma ta sauka, randa ta amsa. Sai ƙarar makullai a kusa. Ta tsallaka zuwa na goma, ta tsallaka zuwa na hamsin, ko'ina makullan nan suna kaɗawa. A na ƙarshe ta bari ya kai inda Kunne ke faɗin hukunci, sai muryar tsohon da ta sa aka kora ɗazu ta cika ofishin:

"Lafiya lau yake, ranka ya daɗe."